Fiksi: Keken Filin Tsere da Ya Ɓallo Kan Titi Babu Birki

Da tsakar ranar Juma'a, 12 ga Fabrairun 2016, wata mata 'yar shekara 44, uwar 'ya'ya biyu, ta fito daga wurin aikinta lokacin hutun cin abinci, ta sa ƙafa za ta tsallaka titin Old Street da ke gabashin birnin Landan. Wani saurayi ɗan shekara 18 ya taho a kan keke, yana sheƙa gudun da aka ƙiyasta ya kai kilomita 29 a awa ɗaya. Ya hango ta, ya daka mata tsawa har sau biyu, ya yi ƙoƙarin kaucewa, amma tsayawa ta gagare shi. Kansa ya gwaru da nata, ta faɗi a kan kwalta. Bayan mako guda ta cika a asibiti.

Da 'yan sanda suka duba keken, sai suka tarar babu birki ko ɗaya a jikinsa. Ba lalacewa ya yi ba, ba kuma tsinkewa wayarsa ta yi ba. Haka aka ƙera keken tun asali, domin na filin tsere ne, kuma haka saurayin ya zaɓi ya hau shi a tsakiyar ɗaya daga cikin biranen da suka fi cunkoso a Turai.

A watan Agustan 2017 kotun Old Bailey ta wanke shi daga tuhumar kisan kai ba da niyya ba, amma ta kama shi da laifin jikkata mutum ta hanyar tuƙin ganganci, a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta shekarar 1861 da aka yi tun zamanin keken doki. A watan Satumba aka yanke masa wata 18 a gidan gyaran halin matasa. Wannan shari'a ce ta sa mutane da yawa a Ingila, har da waɗanda ba su taɓa hawa keke ba, suka fara jin sunan wani nau'in keke da masu hawansa ke kira fiksi.

Keken da feda ba ta hutawa

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san daɗin gangara. Ka daina tuƙi, ka saki ƙafa, keke na tafiya da kansa, kana jin wannan 'yar ƙara ta ƙas-ƙas-ƙas daga tayar baya. Abin da ke ba ka wannan hutun shi ne firiwil, ƙaramin faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a jikin tayar baya. Yana kama taya idan ka tuƙa gaba, yana sakinta idan ka daina.

Fiksi ba shi da wannan. Faifan haƙoransa a ɗaure yake tamau da tayar baya, an kuma ƙara masa wani zobe da ke kulle shi. Saboda haka muddin taya na juyawa, feda na juyawa, ƙafarka ma dole ta juya. Ka tuƙa baya, keke ya yi baya. Babu hutu a gangara, babu hutu a kwana.

Wannan ba sabuwar ƙira ba ce, ita ce ma ta asali. Kekunan farko duk haka suke, har da Rover ɗin da John Kemp Starley ya fito da shi a garin Coventry a 1885, wanda shi ne kakan keken da muke hawa yau. Sai a ƙarshen wancan ƙarnin firiwil ya fara yaɗuwa, kuma da ya yaɗu sai birki mai kyau ya zama tilas, tunda ƙafa ta daina riƙe taya. Jama'a suka rungumi sauƙi, tsohuwar ƙira kuwa ta maƙale a wuri ɗaya: filin tseren keke, wanda ake kira belodirom.

A can ɗin rashin birki yana da hujja mai ƙarfi. Filin zagayayye ne, tsawon na gasar Olamfik mita 250 ne, kwanoninsa a karkace suke kamar cikin ƙwarya, karkatar da kan haura digiri 40. Kowa hanya ɗaya yake bi. Babu mota, babu mai tsallakawa, babu danja, babu rami. Masu tsere suna bin juna taya na kusan taɓa taya, don haka da ɗaya zai damƙe birki ba zato, da duk na bayansa sun zube a kansa. Shi ya sa hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana sa birki a keken fili. Muna da irin wannan fili a Nijeriya, a babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A Jafan kuwa tun 1948 ake tseren kerin a kan irin waɗannan kekuna, tseren da jama'a ke zuba kuɗin caca a kansa.

Waɗanda suka fito da keken daga fili zuwa titi su ne 'yan aiken keke na manyan biranen Amurka, musamman New York da San Francisco, masu kai takardu da ƙananan kaya daga ofis zuwa ofis. Su dalilinsu na sana'a ne. Mutumin da ke wuni a kan sirdi yana son keke marar nauyi, marar tarkacen da za su lalace, wanda ba shi da abin da ɓarawo zai kwance. Daga baya fina-finai suka ɗauka, irin su Quicksilver na 1986 da Premium Rush na 2012, sannan bidiyoyin intanet suka cika da samari suna kurɗawa tsakanin motoci kamar walƙiya. Daga wajajen 2005 abin ya zama yayi a Landan, Balin, Tokyo da sauran birane. Keken ya zama ado, cire birkin kuma ya zama shaidar cewa kai gwani ne.

Yadda ake tsayawa da ƙafa

Ya kamata a yi wa waɗannan mahaya adalci: suna iya tsayar da kekensu, kuma wasunsu sun ƙware ƙwarai. Ƙafarsu a ɗaure take da feda, ko dai da maɗauri ko da takalmi mai maƙalewa. In suna son rage gudu, sai su riƙa turje wa feda, ƙafar baya na dannawa ƙasa, ta gaba na ja sama. In kuma tsayawar gaggawa ce, sai mahayi ya miƙe daga sirdi, ya tura ƙugunsa gaba har cinyoyinsa su kusa taɓa kan keke, ya sandare ƙafafunsa lokaci guda. Tayar baya ta daina juyawa, ta shiga jan ƙasa da ƙara ƙiii, tana barin baƙin layi a kan kwalta, bayan keken na wutsil-wutsil hagu da dama. Wanda ya gani a karon farko dole ya jinjina.

To amma a dubi abin da ya faru da kyau. Don ƙafa ta iya rinjayar taya, sai da mahayi ya ɗauke nauyinsa daga kanta. Taya kuwa da nauyin da ke kanta take kama ƙasa. Wato dabarar da ke ba shi ikon kulle tayar ita ce kuma ke rage mata ƙarfin tsayar da shi. Nan ne gizo ke saƙar, kuma babu yawan atisaye da zai warware shi.

Ko da keke mai birkin hannu ne, haka lamarin yake. Duk sanda abin hawa ya rage gudu, nauyi gaba yake tafiya. Wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura direba ya taka birki ya san haka a jikinsa. Tayar gaba sai ta ƙara nutsewa a ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Masana injiniyan keke, cikinsu har da David Gordon Wilson na jami'ar MIT wanda ya rubuta littafin Bicycling Science, sun yi lissafin wannan tun tuni: ƙarfin tsayawar da tayar baya kaɗai za ta iya bayarwa bai wuce kusan rabin na birkin gaba ba.

Mu mayar da shi mita. Mai gudun kilomita 30 a awa yana cin mita takwas da ɗoriya a kowace daƙiƙa. A busasshiyar kwalta, birkin gaba mai kyau zai tsayar da shi a cikin mita bakwai ko makamancin haka. Da tayar baya kaɗai, sai ya ci wajen mita 14. Wannan fa bayan ya riga ya fara tsayawa ke nan. Kafin nan akwai lokacin da ido zai gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, jiki ya motsa. Mai birkin hannu yatsu biyu kawai zai matsa. Mai fiksi sai ya jira feda ta zagayo inda ƙafarsa ke da ƙarfin kulle ta, sannan ya miƙe, sannan ya sandare. Tazarar mita bakwai ɗin nan da ke tsakaninsu ta fi tsawon mota guda, kuma a cikinta ne yaro mai bin ƙwallo ko tsohuwa mai sanda suke tsaye.

A shari'ar Landan, masu binciken haɗari na 'yan sanda sun shaida wa kotu cewa a gwajinsu keke mai birki ya tsaya a cikin kusan mita uku, na saurayin kuwa sai da ya ci kusan 12. Wasu masana harkar keke sun soki waɗannan alƙaluma, suna ganin mita uku ta yi kaɗan ga irin wannan gudu. Ina ganin sukar tana da tushe. Sai dai gardamar a kan girman tazarar take. Babu wanda ya tashi ya ce tayar baya kaɗai tana tsayar da keke kamar yadda birkin gaba ke yi.

Sannan akwai abin da ya fi tayar mini da hankali. Duk tsayawar mai fiksi a kan abu ɗaya ta rataya: sarƙa. Ƙafa ta riƙe feda, feda ta riƙe sarƙa, sarƙa ta riƙe taya. In sarƙa ta zame ko ta tsinke, in zoben da ke kulle faifan baya ya kwance, in maɗaurin ƙafa ya ɓalle, shi ke nan, babu sauran abin da ya haɗa mahayi da tayarsa. A gangara abin ya fi muni. Ɗauki keke mai haƙora 48 a gaba da 16 a baya, haɗin da ya zama ruwan dare. Kowane zagayen feda ɗaya taya za ta juya sau uku, wajen mita shida da 'yan kai. In gangara ta kai shi gudun kilomita 50, ƙafarsa sai ta zagaya fiye da sau 130 a minti ɗaya. Ƙafa ta kuskura ta zame a wannan hali, feda za ta ci gaba da juyawa kamar fanka, tana dukan ƙwauri, mayar da ƙafar kuwa sai wanda Allah ya taimaka. Wannan haɗin haƙoran yana da wata illa kuma: tunda taya sau uku cif take juyawa, duk sanda mahayi ya kulle ƙafa a inda ya saba, wuri ɗaya ne na tayar ke gogar ƙasa. Cikin 'yan makonni wurin ya cinye har zare ya bayyana, kuma ita ce tayar da ya dogara da ita.

Abin da masu hawansa ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce rashin birki yana sa mutum ya buɗe ido. Wanda ya san ba zai iya tsayawa nan take ba, in ji su, yana karanta titi tun daga nesa, yana hasashen ƙofar motar da za a buɗe da mai tafiyar da zai sauko daga gefen hanya, ba ya gudun da ya fi ƙarfinsa. Akwai gaskiya a ciki. Fiksi yana koya wa mutum jin tayarsa a tafin ƙafa, har tsoffin masu tseren Ingila kan yi atisayen hunturu da shi. To amma wa ya ce sai an cire birki ake buɗe ido? Mai lura da titi da ke da birkin gaba ya haɗa biyu. Kuma hasashe yana da iyaka. Birki na ranar da hasashe ya ƙi ci ne, ranar da direba ya karyo kwana ba sigina, ko aka yi yayyafi kwalta ta yi santsi, ko cinya ta gaji bayan wunin tuƙi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa mota ce ke kashe mutane, me ya sa ake hayaniya a kan keke? A Birtaniya, a shekarun da aka yi wannan shari'a, masu tafiya a ƙasa fiye da 400 ne ke mutuwa a kan titi kowace shekara, waɗanda keke ya yi sanadinsu kuwa ba sa kai goma. Masu fafutikar hawan keke sun yi ƙorafin cewa jaridu sun yi wa wannan saurayi caa, alhali direbobin da suka kashe mutane da dama ba a ko jin labarinsu. Na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma duk hukumar da ke son ceton rai to ta fara da mota. Amma laifin direba ba ya wanke mai keke. Matar da ta mutu a Old Street ba ta cikin lissafin mota, 'ya'yanta biyu kuma ba su sami sauƙin maraici ba don abin da ya buge uwarsu ƙafa biyu gare shi.

Hujja ta uku ita ce wadda ake faɗa da ɗaga kafaɗa: raina ne, ni na ga zan iya. Da a fili ne, da babu mai cewa uffan. Akwai ma tseren fiksi marar birki da aka shirya a kan tituna, kamar Red Hook Crit da aka fara a unguwar Brooklyn a 2008, inda daga baya aka riƙa killace hanya, kowa ya shiga da sanin abin da ya shiga. Titin gari ba haka yake ba. Mai tsallakawa ba a nemi yardarsa ba. Yana ganin keke tafe, yana auna tazara bisa zaton keken zai iya tsayawa kamar kowane keke. Ba shi da hanyar sanin cewa mahayin ya cire birki don keken ya fi kyan gani.

Inda hukumomi suka tsaya

Yarjejeniyar zirga-zirgar hanya ta Biyana ta 1968 ta ce kowane keke ya kasance da birki mai aiki. Daga nan kowace ƙasa ta yi nata fassarar. Dokar Birtaniya ta 1983 ta yi abin da nake ganin shi ne daidai: ta amince kafaffiyar tayar baya ta tsaya a matsayin birkin baya, amma ta wajabta birkin gaba. Jamus na neman birki biyu da ba su dogara da juna ba. A jihohin Amurka da dama kuwa, abin da doka ta ce shi ne birki ya iya sa taya ta ja ƙasa a busasshiyar hanya, lafazin da ya buɗe ƙofar gardama a kotuna kan ko ƙafa ma birki ce.

Wasu ƙasashen Asiya su ma sun tsananta, kuma galibi bayan an yi rashi ne. Jafan na buƙatar birki gaba da baya, wanda zai tsayar da keke mai gudun kilomita 10 a cikin mita uku, tara kuma tana iya kaiwa yen 50,000. A 2011 'yan sanda suka matsa wa masu keken da suke kira fisuto lamba. A Singafo, a watan Janairun 2020, wata yarinya 'yar shekara 13 ta gangaro a kan fiksi marar birki a cikin wani benen ajiye motoci a unguwar Pasir Ris, ta kasa tsayawa, ta bugi shingen ƙarfe ta faɗo ƙasa ta mutu. Daga 1 ga Satumban 2021 ƙasar ta wajabta aƙalla birkin hannu ɗaya a kan duk keken da zai hau hanya. A 2025 'yan sandan Koriya ta Kudu su ma suka shelanta kame, bayan wani ɗalibin sakandare ya rasu a wata gangara a birnin Seoul.

Waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi nuna inda yayin ya dosa. Ɗan aiken New York da ya shekara goma a kan sirdi daban, yaron da ya ga bidiyo a waya ya matsa wa iyayensa su saya masa daban. Iyayen kuma sau da yawa ba su san akwai wani bambanci ba. Keke suka gani mai kyau, marar tarkace, suka biya.

Mu da muke nan

Fiksi bai zama yayi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba, amma hawan keke babu birki tsohon sani ne a wurinmu. Wa ya manta keken haya? Robar birki ta cinye tun bara, hannun birkin na reto kamar karyayyen reshe, yaro ya taho a guje daga kan tudu, ya miƙa ƙafa ya cusa silifas tsakanin tayar gaba da ƙarfen da ke riƙe da ita, ƙaurin roba na tashi, ko kuma ya sauke ƙafafu biyu yana jan ƙasa har ƙura ta turnuƙe. Mun yi, mun kuma ga waɗanda suka bar haƙoransu a bakin kwata. Namu na rashin kuɗin gyara ne da sakaci, nasu na ado ne, amma jikin wanda aka buge bai san bambancin ba.

Kuma kekunan gwanjo daga Turai suke shigo mana, bidiyoyin da yaran Seoul ke kallo su ne yaranmu ke kallo. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Titunanmu ma sun fi nasu sarƙaƙiya: ga adaidaita sahu mai tsayawa inda ya ga fasinja, ga ɗan acaɓa mai fitowa ta hannun da ba nasa ba, ga akuya, ga almajiri, ga yashin da ke kwance a gefen kwalta wanda taya mai jan ƙasa ba ta da abin kamawa a kansa. Ga kuma suturarmu. A keken da muka saba, in bakin wando ko jallabiya ya shiga sarƙa, sai ka daina tuƙi ka zare. A fiksi sarƙa ba ta tsayawa. Za ta ci gaba da naɗe rigar har ta fizgo ka ƙasa. Haka take yi wa yatsan mai gyara in ya kuskura ya sa hannu taya na juyawa.

Idan aka yi haɗari mukan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya kwance birki da hannunsa ya hau titi ya san abin da ya aikata, kuma haƙƙin wanda ya buge yana wuyansa.

Ni ban ga laifin fiksi ba. Keke ne mai sauƙin kulawa, mai ƙarfafa ƙafa, mai daɗin hawa ga wanda ya iya. Birkin gaba ba ya rage masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hannun birki ɗaya ne, da waya, da roba biyu, aikin da mai gyaran keke zai gama kafin ka shanye shayinka, matuƙar ƙarfen gaban yana da hudar da za a ɗaura shi. In babu hudar, to keken na fili ne, a canza ƙarfen ko a bar shi a fili. Mai son tsayawa da ƙafa ya ci gaba da abinsa, birkin na nan yana jiran ranar da ƙafa za ta gaza.

Iyaye, kafin ku biya kuɗin keken yaro, ku ɗaga tayar baya ku juya ta gaba da hannu. In feda ta bi ta tana juyawa ba tsayawa, fiksi ne. Ku duba kan keken, ku matsa birki ku tura gaba ku ga ko tayar gaba ta kama. In ba ta kama ba, kada keken ya fita ƙofar gida sai an kai shi wurin mai gyara.